Yadda ake ɗaga ƙafar Hilux don saka manyan tayoyin shiga daji

Kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai abin da ya kamata mai mota ya gane, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Idan ka sa sabbin sifirin da dogayen shoka, shasi da bodi ne kawai suke tashi sama. Difaranshar baya, wannan ƙullutun da ke tsakiyar aksil, tana nan inda take, don a kan tayoyi take zaune. Ita ce ke fara dukan tudun tsakiyar hanya idan tirela ko tarakta sun haƙa layi biyu a taɓon damina, kuma babu abin da ke ɗaga ta sai taya mai tsawo. Ka ga ke nan taya ce asalin aikin, ɗaga ƙafa kuwa hidima ce ake yi mata.

Abu na biyu ya fi wannan wuyar karɓa. A Hilux ta zamani, ɗaga gaba ba ya sauya iyakar da ƙafa ke kaiwa idan ta lanƙwashe. Ranar da ka faɗa rami da lodi, tayar za ta shige cikin madigad har inda take kaiwa a da, sai robar da ke tare ta ta tsayar da ita. Tayar da ba ta gogar komai a bakin gareji tana iya cin bodi a cikin kwazazzabo. Shi ya sa duk bayanin da ke tafe ya tsaya a kan ɗagawa ta milimita 40 zuwa 50, wadda makanikai ke ce wa inci biyu, tare da tayar da aka gwada aka ga ta zauna.

Na ɗauki Hilux ne don ita ta cika hanyoyinmu, daga ƙauyukan Zamfara da Borno har Agadas. Maganar ta shafi mai fowil, wato wadda ke ja da tayoyi huɗu, ƙirar 2005 zuwa 2015 da ake kira Vigo, da wadda ta biyo ta daga 2015, wato Revo. Dukansu gabansu sifirin ne mai murɗi da shoka a cikinsa, bayansu kuma sifirin mai falle-falle da ke kwance a kan aksil. Tsohuwar Hilux ta kafin 2005 da ke da sandar murɗa a gaba aikinta daban ne, haka ma Land Cruiser 79 mai aksil guda a gaba.

Fara da lissafin taya

Lambobin da ke jikin taya su za su gaya maka komai. A 265/65R17, 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 na nufin tsawon gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, 17 kuma girman wili ne a inci. Wannan tayar, wadda Hilux da yawa ke fitowa da ita, tsawonta daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. 265/70R17 tana da 803. 285/70R17, wadda ake kira inci 33, tana da 831.

Rabin bambancin ne ribarka, don rabin taya ne ke ƙarƙashin aksil. Ta 265/70 za ta ɗaga difaransha da milimita 13, ta 285/70 da 27. Ga mai zirga-zirgar gona, ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye, 265/70R17 ta wadatar, kuma yawanci tana zama ba tare da yanka ƙarfe ba. Ta 285 tana da kwarjini, amma tana zuwa da sauya wili, da yanka, da ƙarin shan mai. Idan injinka na fetur ne mai lita 2.7, wanda ya yi yawa a Najeriya, za ka ji nauyinta a hawan tudu fiye da mai dizal 2.8.

Sai zanen tayar. Mai alamar AT, irin su BFGoodrich KO2, tana tafiya a kwalta da burji da yashi. Mai alamar MT manyan haƙora gare ta, taɓo ne wurinta, amma a kwalta ƙara gare ta kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. A rairayi ma MT haƙa take yi ta binne kanta. Nemi mai harafin LT, don gefenta ya fi kauri, ya fi jure ƙaya da tsinin dutse. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Tayar gwanjo mai kyan haƙori amma tsohuwar shekara, zafin watan Afrilu ne ke tona mata asiri. Biyar za ka saya, har da safaya, don mota mai fowil ba ta son tayoyi masu tsawo daban-daban.

Awo da duba lafiyar ƙafa

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, tanki cike, da kayan da ta saba yawo da su. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigad a ƙafafu huɗu, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, iskar taya za ta ɓata lissafin.

Sai ka ɗaga gaba ka girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama. Boljoin, tayarod, bushin na hannun sama da na ƙasa (ƙarafan da ke haɗa ƙafar gaba da shasi), da robar da ke rufe shaf ɗin gaba, duk wanda ya gaji a sauya shi yanzu. Ɗagawa tana ƙara musu wahala ne. Sau da yawa ma Hilux da ta shekara tana ɗaukar buhuna sifirin ɗinta sun riga sun kwanta, sabbi na asali kaɗai za su dawo mata da wani tsawon.

Zaɓen kaya

Hanya mai araha ita ce a cusa zoben ƙarfe a saman shokar gaba, a baya kuma a sa tubalin ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, ko a tsawaita shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin baya a jikin shasi. Ka lura, a gaba zoben milimita 25 yana ɗaga mota kusan ninki biyu, saboda shokar tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa. Mutum zai je Panteka a yanko masa zoben inci biyu yana zaton inci biyu zai samu, ya tashi da mota mai tsayin da ke yaga robar shaf. Zobe ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, dogon shakul kuma yana gajiyar da tsohon sifirin. Ga motar cikin gari da ake so ta yi kyau, to, ba laifi. Motar daji kuwa cikakken saiti take so: sifirin biyu da shoka biyu a gaba, sifirin mai falle biyu da shoka biyu a baya, da bushin da sabbin yubol, wato lanƙwasassun kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil.

Kamfanonin Ostareliya sun yi suna a wannan fanni, irin su Old Man Emu, Ironman 4x4, Dobinsons da Tough Dog, sai Bilstein ta Jamus. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka nema, ko Apo ta Abuja, ko Ladipo ta Legas, ka duba lambar da aka buga a jikin kayan ta dace da ƙirar motarka, don kwali da fenti ba su da wuyar kwaikwayo.

Inda aka fi kuskure shi ne ƙarfin sifirin baya. Ana sayar da su ne bisa nauyin da ke kan mota kullum: akwai na mota wadda yawanci wayam take, akwai na kilo 300, akwai na kilo 600. Mutum zai ce a ba shi mafi ƙarfi, alhali sau ɗaya a wata yake lodi. Sauran kwanakin sai motar ta riƙa tsalle a burji kamar amalanke, bayanta yana zamewa a kwana. Zaɓi bisa abin da ke bayan motar a ranar da ba kasuwa. A gaba ma haka ne, sifirin mai ƙarfi na wanda ya ɗaura bambar ƙarfe da winci ne.

Kayan aiki: jak mai ƙarfi, ƙarafan tokare mota guda biyu ko huɗu, saitin soket da sifana, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, na'urar matse sifirin, abin cire boljoin, man sassauta tsatsa da giris. Bulo ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa ba sallama. Tun daren jajibirin aikin a fesa man tsatsa a kan yubol da kusoshin sifirin.

Aikin gaba

Ja birkin hannu, ka datse tayoyin baya da katako. Sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, ɗaga ta, sa ƙarafan tokare a ƙarƙashin shasi, sannan ka cire tayoyin gaba biyu. Cire su duka biyun yana sa sitabilaiza, sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, ta saki, aikin ya yi sauƙi.

Kwance ƙananan kusoshin da ke riƙe tiyon birki da wayar ABS a jikin hannun sama da ƙafa. Wayar siririya ce, idan ƙafa ta sauka ta ja ta za ta tsinke a ciki, fitila ta kama a dashbod. Cire linkej ɗin sitabilaiza. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan tallabe shi, sannan ka raba boljoin na sama da ƙafa. Da zarar ya rabu, ƙafar za ta so ta faɗo waje. Ɗaure ta da igiya ko waya, in ba haka ba za ta zaro shaf daga gidansa na ciki, ka ƙara wa kanka aikin yini.

Kwance babbar kusar da ke gindin shoka, sai notuna uku na sama. Noti na tsakiya kada a taɓa shi. Shi ke riƙe da sifirin da aka matse da ƙarfin da ya isa ya karya muƙamuƙin mutum. Sassauta jak, danna hannun ƙasa, ka zaro shoka da sifirin a haɗe.

Yanzu sai wurin da ya fi hatsari. Kama sifirin da na'urar matsewa ta gefe biyu, kana ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, har sai hular sama ta saki tana juyawa da hannu. A lokacin ne za ka kwance noti na tsakiya. Kada fuskarka ko ta yaron gareji ta kasance a saitin bakin sifirin. Idan na'urarka siririya ce ta ƙananan motoci, kai kayan wurin mai babbar na'ura ta jikin bango, sifirin Hilux ya fi ƙarfinta. Duba hular da robarta, in sun tsage a sauya. Matse sabon sifirin, zaunar da bakinsa a gurbin da aka yi masa a jikin sabuwar shoka, mayar da hula da robobi yadda suka fito. Kafin ka saki, daidaita kusoshi ukun sama da idon ƙasa yadda za su shiga gurbinsu, don bayan an saki ba sa juyuwa. Wasu sifirin suna da alamar hagu da dama, a bi alamar.

Mayar da shokar, ɗaure notuna uku na sama, sa kusar ƙasa amma kada ka ƙarasa ɗaure ta. Mayar da boljoin da sabon fil, sai linkej, sai tiyo da waya. Haka za ka yi a ɗaya gefen.

Dalilin barin kusar ƙasa sakwa-sakwa shi ne bushin roba. Idan aka ɗaure shi mota tana rataye, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage. Duk kusar da ta ratsa bushin roba, gaba da baya, sai nauyin mota ya hau tayoyi ake yi mata ɗaurin ƙarshe.

Aikin baya

Datse tayoyin gaba, ɗaga baya ta difaransha, tokare shasi a gaban sifirin, cire tayoyi. Jak ya ci gaba da tallabe aksil. Cire shoka biyu. Kafin ka sauke aksil, duba tiyon birki da ke saukowa daga shasi, da wayar birkin hannu, da ta ABS, da ƙaramin tiyon numfashin difaransha, ka kwance maƙalansu don kada su ɗaure.

Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, don aksil ya zauna a saiti. Kwance yubol, sauke aksil kaɗan har sifirin ya rabu da shi, cire shakul na baya, sannan kusar idon gaba. Sifirin yana da nauyi, mutum biyu ne aikin. Sa bushin a sabon, in na roba mai tauri ne mai launi a shafa masa giris ɗin da ya zo da shi, in baƙar robar asali ce ba a sa mata giris. Rataya idon gaba, sai shakul. Ɗaga aksil a hankali har kan kusar tsakiyar sifirin ya faɗa ramin da ke kan aksil. In bai faɗa ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kuma babu alaimen da zai gyara ta.

Yubol sabbi ake sawa. Tsofaffin sun riga sun miƙe, ba za su riƙe ɗauri ba. Ɗaure notunan huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan. Sa dogayen shoka, sannan ka bar aksil ya rataya gaba ɗaya ka taɓa tiyon birki. In ya miƙe tsaf, a sauya shi da mai tsawo ko a sauko da maƙalinsa.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa a Vigo marar ABS. Tana da wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksil, shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi. Da ka ɗaga mota, bawul ɗin zai ɗauka wayam take ko da buhu goma ne a kanta, sai birkin baya ya yi sanyi. Ana ɗaga maƙalin sandar a jikin aksil daidai yawan ɗagawar da aka yi.

Sauke mota, alaimen, sannan taya

Mayar da tsofaffin tayoyin tukuna, sauke motar, tura ta gaba da baya, girgiza ta. Yi ɗaurin ƙarshe na kusoshin shoka da idon sifirin da shakul, da sifana mai awo, bisa lambobin littafin motar. Zaga unguwa ka dawo ka sake awon nan huɗu. Baya ya kamata ya ɗara gaba kaɗan, don idan an yi lodi ta daidaita.

Ɗaga gaba har taya ta bar ƙasa ka sake aunawa daga tsakiyar wili zuwa madigad. Bambancin wannan da awon da mota ke zaune shi ne sauran saukar da ƙafa ke da ita. Masu wannan aiki suna son a bar aƙalla milimita 60. In ya gaza haka, kowane ƙaramin rami za ka ji ƙafa ta buga, kuma boljoin na sama ne ke shan dukan. Duba kuma kada hannun sama ya taɓa sifirin. Wanda ya wuce inci biyu dole ya sayi hannun sama na musamman, ya kuma sauko da difaranshar gaba don rage karkatar shaf, kuma daga nan kashe kuɗi ba ya tsayawa.

Alaimen a ranar ake yi, a wurin masu kwamfuta. Ɗagawa tana ɓata tsayuwar taya ta fuska uku, ba saitin tayarod kaɗai ba. Kusoshin saiti suna gindin hannun ƙasa, kuma sun saba cijewa da tsatsa, in sun ƙi juyawa a yanke su a sa sabbi. Gaya wa mai alaimen ya ba ka kasta, wato jinginar saman ƙafar gaba zuwa baya, gwargwadon yadda saitin ya bari. Yana sa sitiyari ya riƙa dawowa tsakiya da kansa, yana kuma tura taya gaba kaɗan, nesa da inda ta fi gogawa.

Yanzu ɗaura sabbin tayoyi bayan an yi musu balansin. Wilin Hilux mai fowil rami shida ne, 6x139.7. Na asali mai inci 17 yana shigewa ciki sosai, shi ya sa taya mai faɗin 285 ke iya taɓa hannun sama. Wilin da ya fito waje yana magance wannan, amma yana sa taya ta yi babban zagaye idan an karya sitiyari, ta je ta ci bayan madigad. Kaɗan ake fitowa da shi.

Gwajin gogawa kada a yi shi a tsaye kawai. Karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas. Sannan nemi kwalbati ko gefen rami ka hau a gicciye, yadda tayar gaba ɗaya za ta shige ciki, ka tsaya ka leƙa da tocila. Wuraren da ake samun gogawa su ne robar tare taɓo, robar cikin madigad, ƙasan bamba, da kunnen shasi da bodi ke zaune a kai a bayan tayar gaba. Na roba ana cirewa, ko a yanke, ko a gasa da iska mai zafi a tura su baya. Kunnen shasi kuwa sai an yanka an yi walda. Ni a ganina, in taya ta kai ga neman a yanka shasi, gara a koma 265/70, sai dai in kana da mai walda da ya san aikin shasi da gaske. Gwada kuma ko safaya ta shiga gurbinta a ƙarƙashin bodi ba ta taɓa salansa ba.

Bayan an fara hawa

Idan ka ji karkarwa a ƙarƙashin kujera lokacin tashi daga tsaye, farfela ce, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa difaranshar baya. Ta Hilux mai ƙofa huɗu gaɓa biyu ce da boris a tsakiya, ɗagawa ta sauya karkatarta. Ana sa ɗan ƙarfe a sauko da boris ɗin kaɗan, ko a cusa siririn ƙarfe mai gangare tsakanin sifirin da aksil.

Agogon gudu zai fara rage maka lissafi. Da 265/70R17 gudunka ya ɗara abin da yake nunawa da kusan kashi 3 cikin 100, da 285/70R17 kashi 7. Kilomitar da yake ƙirgawa ma ta ragu haka, sai ka riƙa juyen baƙin mai da ɗan wuri. Fitilun gaba a sake saita su a jikin bango, don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido. Birki zai buƙaci ƙarin tazara, kuma motar da ta tashi sama ta fi saurin kifewa a kwana, balle an jera jarkoki da fasinjoji a saman kaya. Nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka bai ƙaru ba don ka sa sifirin mai ƙarfi, aksil da birki da boris na da ne. In motar tana da garantin kamfani ko inshora, a sanar da su kafin a fara aikin.

A yashi mai zurfi rage iska zuwa wajen PSI 18 ka tafi a hankali ba tare da karya sitiyari da ƙarfi ba, da ka hau kwalta kuma ka mayar da iskar ka cire fowil. Wannan yana nufin famfon iska mai aiki da batir ya zama cikin kayan motar.

Bayan kilomita 500, koma ƙarƙashinta da sifana mai awo. Yubol sukan saki idan sabon sifirin ya zauna, haka notin taya. Sake awon ƙafafu huɗu, leƙa robar shaf ko ta fara zubar da giris, ka shafa hannu a kan haƙoran tayoyin gaba. In gefe ɗaya ya fara ci fiye da ɗayan, a koma alaimen.